Ido Ba Mudu Ba Ne A Kan Kwalta

Maganarmu ta yau ta shafi wani abu ne da kusan kowaccenmu take yi kullum, ko ta sa 'ya'yanta su yi, ba tare da ta tsaya ta yi tunani a kansa ba, watau tsallake titi.

A garuruwanmu na kudancin Kano, irin su Madachi da Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su, kwalta ta riga ta shiga cikin harkar yau da kullum. Sau da yawa sai ki ga gida yana wannan gefe, makaranta tana wancan gefe. Injin niƙa yana nan, famfo yana can. Yarinya za ta tsallake da sassafe ta kai markaɗe, ta sake tsallakewa ta tafi makaranta, da la'asar kuma ta ɗauki farantin talla ta nufi bakin tasha. A cikin birnin Kano akwai danja a manyan mahaɗu, akwai kuma gadar sama ta masu tafiya a ƙasa a wasu wurare. A ƙauye kuwa daga yarinya sai idonta, sai kuma direban da bai san da zuwanta ba. To, da me take auna lokacin da ya kamata ta sa ƙafa? Ke ma uwargida da kika aike ta, da me kike aunawa in ke ce a wurin?

ABIN DA IDO YAKE GANI

Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwa wannan magana haka take, don mace takan dubi kwanon gero ta san ko an tauye mata. A kan kwalta kuwa, ido ya san nisa, amma bai san gudu sosai ba. Masanan da suka daɗe suna nazarin yadda mutane ke tsallake titi sun lura cewa yawancinmu nisan mota muke dubawa. In tana can nesa sai mu ce akwai sarari, in tana kusa sai mu dakata. Ba mu cika tambayar kanmu irin gudun da take tafe da shi ba.

Dalili kuwa shi ne, motar da ta tunkaro ki ba gilmawa take yi ba balle ki ga saurinta. Girmanta ne kawai yake ƙaruwa a idonki. Tana nesa, ƙaruwar kaɗan ce ƙwarai, kamar ma a tsaye take. Sai ta zo dab da ke sa'an nan take cika ido farat ɗaya. Shi ya sa duk wadda ta tsallake rijiya da baya za ki ji tana cewa, "Ni fa na hango ta can nesa, ban san yadda aka yi ta iso ba."

Bari mu yi ɗan lissafi, 'yan makaranta ku taya iyayenku. Faɗin kwalta mai hannu biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, wajen mita 7 ne. Mace lafiyayya, hannunta sake, takan ɗauki kamar sakan 6 kafin ta ƙetare. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a kowane sakan, watau cikin sakan 6 ta ci mita 84. Mai gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a sakan, cikin sakan 6 ta wuce mita 130. Mai gudun kilomita 100 kuwa tana cin kusan mita 28 a sakan, cikin sakan 6 ta kusa mita 170. Tsawon filin ƙwallo bai fi mita 100 da 'yan kai ba. Ke nan motar da kika hango a nisan filin ƙwallo guda, in gudun kilomita 100 take yi, ba ta cika sakan 4 za ta iso inda kike. A lokacin nan kuwa ba ki daɗe da wuce tsakiyar titi ba.

Wannan lissafi fa na mai hannu sake ne. In kina da goyo, ko tulu a ka, ko tsohon ciki, ko kina jan yaro, ko ƙafa ta soma ciwo don shekaru, ki ƙara sakan 2 ko 3 a kai. Ga mai irin wannan hali, sararin da take bukata a titin da ake sharara gudu ya kai tsawon filin ƙwallo biyu.

Kada kuma ki ce ai direba ya gan ni, zai taka birki. Ko da ya gan ki, mota ba jaki ba ce da za a ce mata tsaya ta tsaya. Ƙaramar mota mai lafiyayyen birki, a busasshiyar kwalta, tana bukatar fiye da mita 20 kafin ta tsaya in tana gudun kilomita 50, fiye da mita 50 in tana gudun 80. Tirela ko babbar motar da ta yi lodin buhunan shinkafa ko kwandunan tumatir ta fi haka nesa ba kusa ba, balle in taya ta suɗe ko an yi ruwa.

Akwai wani ruɗin kuma. Babbar mota takan yi wa ido kamar tafiyar hawainiya take yi saboda girmanta, alhali gudu take. Babur kuwa saboda ƙanƙantarsa sai ya yi kamar yana nesa, alhali ya iso. A shekarar 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. A karkara kuwa babur shi ne dokin kowa, kuma shi ne ya fi yawan ratsawa ta inda ba a zata ba.

HAGU KO DAMA

Iyayenmu da kakanninmu da suka yi wayo kafin shekarar 1972 za su tuna lokacin da motoci ke bin hannun hagu a ƙasar nan, irin na Ingila. Ranar 2 ga watan Afrilu na 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar yadda maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru suke yi. Darasin da aka gada daga Turawan Ingila shi ne a fara duban dama kafin a tsallake. Wannan darasi ya tashi aiki tun ranar nan, amma har yanzu akwai masu koya wa yara shi.

Ki riƙe wannan da kyau. In kina tsaye a bakin titi, motar da ke hannun da ya fi kusa da ke daga hagunki take fitowa. Saboda haka hagu za ki fara duba, sa'an nan dama, sa'an nan ki sake duban hagu kafin ki ɗaga ƙafa. In kin kai tsakiya, hankalinki ya koma dama, don motar da ke tahowa daga can ita ce za ki haɗu da ita a ƙarshen tafiya, lokacin da sararin da kika auna ya kusa ƙarewa. Mata da yawa sukan kula da hannun farko, su manta da na biyu.

A tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya, inda ake da dakali a tsakiya, ki ɗauke ta kamar titi biyu. Ki ƙetare na farko, ki tsaya a tsakiya, ki sake sabon dubawa. Kuma ko a nan ɗin ki dubi gefe biyu, don ba a rasa mai babur ko mai mota da ya biyo hannun da ba nasa ba. In kuwa tafiya kike yi a gefen kwalta ba tsallakewa ba, ki bi gefen hagu, watau ki fuskanci motocin da ke tahowa. Gara ki ga abin da ke zuwa da ya zo miki ta baya.

YARO BA BABBA BA NE

Nan ne maganar ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da ɗaya cikin kowane biyar masu tafiya a ƙasa ne. Ta ce a duniya babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Mukan ce wance tana da wayo, ta iya kirga canji, ba a cutar ta a ciniki. Wayon ciniki daban, auna gudun mota daban. A shekarar 2011 masana a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka gano cewa yaran firamare ba sa iya tantance tahowar mota sosai in gudunta ya wuce mil 20 a awa, watau kilomita 32. Motocin da ke ratsa garuruwanmu kuwa sun ninka haka. A shekarar 2017 kuma, a Jami'ar Ayowa ta Amurka, aka haɗa titi na kwaikwayo da kwamfuta, aka sa yara su yi ta tsallakewa ba tare da wani haɗari na gaske ba. 'Yan shekara 6, motar kwaikwayon ta buge su sau 8 cikin 100. 'Yan shekara 8 sau 6, 'yan shekara 10 sau 5, 'yan shekara 12 sau 2. Sai daga shekara 14 ne aka daina samun bugewa. An lura kuma cewa ko yaro ya zaɓi sarari mai kyau, yakan ɗan yi jinkiri kafin ya ɗaga ƙafa, jinkirin nan kuwa shi ke cinye sararin.

Ga kuma gajarta. Yarinya 'yar shekara 7 ba ta iya hango abin da ke bayan motar da aka ajiye, direba ma ba ya hango ta. Hankalin yaro kuma wuri ɗaya yake tafiya. In ta ga ƙawarta a ƙetare, ko canji ya faɗi ya gangara kan kwalta, ko akuya ta tsinke, to, ta manta da mota ke nan. Don haka yaron da bai kai shekara 10 ba, bai kamata ya tsallake titin da motoci ke gudu shi kaɗai ba. Haɗa shi da yayarsa 'yar shekara 8 ba dabara ba ce, yara biyu ne kika sa a hanya maimakon ɗaya.

GAJEN HAƘURI DA BIN AYARI

Ba ido kaɗai ke ruɗin mutum ba, har da zuciya. Wadda ta daɗe tana jira a bakin titi, sannu a hankali sai ta soma yarda da sararin da ta ƙi da farko. Motocin ba su rage gudu ba, haƙurinta ne ya ragu. Haka mai sauri, wadda ta bar tukunya a wuta, ko 'yar makarantar da ke tsoron bulalar makara. A nan iyaye muna da laifi. In kika ce wa yarinya, "Maza ki je ki dawo, na tofa yawu, kada ya bushe," kin tura ta ta yi tsere da mota ke nan. Gara ki ce, "Je ki dawo, ki kula da titi, ko kin daɗe ba komai." Sauri ya haifi nawa.

Sai bin ayari. Ranar kasuwa, ko lokacin biki in an tashi kai amarya, ko in an tashi daga makaranta, sai ta gaba ta duba ta shiga, sauran su bi ta ɗuu ba wadda ta waiga. Ta gaba ta auna wa kanta ne, ba ta auna wa ta goma ba. Sararin da ya ishe ta ya ƙare kafin ta baya ta sa ƙafa. Tafiya cikin taro tana da amfani, don direba ya fi ganin taro, amma kowacce ta duba da idonta.

Sai wurin sauka daga mota. Kin sauka daga bas, gidanku yana ƙetare. Kada ki bi ta gabanta, kada ki bi ta bayanta. Ki tsaya ta tashi, titi ya buɗe, ki ga gefe biyu. Haka in wani direba ya tsaya ya yi miki hannu ki wuce, ki gode masa, amma ki leƙa tukuna, don mai yiwuwa wani ya yanko daga bayansa zai wuce shi, shi kuwa bai san dalilin tsayawar ba. 'Yan talla su ne suka fi shiga wannan haɗari. Mota ta tsaya a ƙetare, fasinja ya miƙo hannu yana kiran mai gyaɗa ko mai dafaffen ƙwai, yara biyar su kwasa a guje kowacce tana son ta riga. Ki gaya wa 'yarki tun a gida cewa cinikin da ke ƙetaren titi ba nata ba ne, kuma in faranti ya dawo da saura ba za ki yi faɗa ba. Ki kuma cika alkawari.

ALMURU DA HAZO

Da almuru da dare akwai wani kuskure da kowa ke yi. Kina ganin fitilar mota tar, sai ki zaci shi ma direba yana ganinki. Ba haka ba ne. Mace mai baƙin hijabi ko shuɗin mayafi a kan baƙar kwalta, direba ba ya ganinta sai ya zo kusa ƙwarai, balle in fitilar wata mota ta haske masa ido. In fita ta kama da dare, a sa mayafi mai haske, a riƙe tocila a kunne. Fitila guda da kika hango kuma, kada ki ce lalle babur ne, ta yiwu mota ce mai ido ɗaya.

Lokacin hunturu hazo yakan rufe hanya, ƙura ta sa mu rufe fuska da kunne. Mayafi yana tare gefen ido, yana kuma rage jin ƙarar mota. Saboda haka ki juya kanki gaba ɗaya, kada ki yi kallon wutsiyar ido. 'Yan mata, a cire waya daga kunne har sai an ƙetare. Da kaka kuma, masu shanyar hatsi ko barkono a gefen kwalta, ku tuna yaron da aka sa gadin shanya yana wuni ne taku biyu daga tayar mota.

YADDA ZA KI KOYA WA 'YARKI

Tun da ido ba ya auna gudu, sai mu ba shi mudu. Ga wata hanya da ba ta bukatar agogo. Ki tafi da 'yarki, ko ki sa babanta ko wani babba ya kai ta, zuwa inda ta saba tsallakewa. A fara zaɓen wuri: inda titi ya miƙe, ana hango nesa hagu da dama, ba kan kwana ba, ba gindin tudu ba, ba kusa da motar da ke tsaye ba. Ko da wurin ya ƙara mata tafiya, nan ne mashigarta daga yau.

In titi ya yi wayam, ku ƙetare tare da tafiyar da ta saba, kuna ƙirga a bayyane: ɗaya, biyu, uku, har ku kai. Ku ce kun sami takwas. Sai ku koma gefe ku tsaya nesa da kwalta kaɗan, ku zaɓi wata alama a can nesa, bishiya ko falwaya ko wani shago. Duk motar da ta zo daidai alamar, ku soma ƙirga da irin saurin ɗazu har ta iso gabanku. Za ta ga da idonta wata ta iso a goma, wata a biyar, alhali daga wuri ɗaya suka taso. Wannan darasi ya fi faɗa dubu. Ku yi ta matsar da alamar nesa har ku sami wadda ko motar da ta fi kowacce gudu ba ta isowa sai ƙirga ya ninka naku. Ku yi haka a hagu, ku yi a dama. Daga nan dokar ta zama guda: in mota ta riga ta wuce alama, a jira.

Sa'an nan a koya mata ta ƙetare a miƙe, ba a karkace ba, don karkacewa tana ƙara tsawon hanya. Ta yi tafiya da hanzari, amma ban da gudu, don mai gudu takan faɗi, silifa ya tsinke, zane ya harɗe ta. In ta shiga kada ta yi ta gaba da baya, direba ya rasa ta inda zai kauce. In takalmi ko kuɗi ya faɗi, ta bar shi. Ƙaramin yaro kuwa a riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba, don yatsu suna zamewa. Sau ɗaya ba ya isa, a maimaita har ya zama jiki. Ki tuna kuma yadda ta ga kina tsallakewa, haka za ta yi ranar da ba kya nan.

NAUYIN BA NAMU KAƊAI BA NE

Kada a ce mun ɗora wa mata da yara laifin duka. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce a cikin gari kada ƙaramar mota ta wuce kilomita 50 a awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in gudu ya tashi daga 50 zuwa 65 kawai, haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Direbobin nan kuwa mazanmu ne da 'ya'yanmu da ƙannenmu. In maigida yana tuƙi ko yana hawa babur, ki gaya masa wannan lissafi cikin ladabi, lokacin da hankalinsa yake kwance.

In makarantar 'ya'yanku tana bakin titi, ku kai maganar taron iyaye da malamai. A nemi babba guda ya riƙa tsayawa yana ƙetarar da yara safe da rana. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi a roƙi ƙaramar hukuma ta sa allon gargaɗi da tudun rage gudu da aka yi bisa ƙa'ida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, aikinta ne wayar da kan jama'a, ana iya gayyatar ma'aikatanta su yi wa yara bayani. Lambarta ta neman agaji ita ce 122.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a finciki wanda aka buge, kada a ɗura masa ruwa. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a ɗauke shi a miƙe ba tare da an lanƙwasa wuya ko baya ba, a nufi asibiti mafi kusa. Ko yaro ya tashi ya karkaɗe jiki ya ce ba abin da ya same shi, a kai shi likita ya duba, musamman in ya bugu a ka, ko ya soma amai, ko barci ya yi ta fizgarsa. Rauni na ciki ba ya nuna kansa da wuri.

'Yan'uwa, kafin ki sake miƙa wa yarinya kwanon markaɗe, ki tambayi kanki shekarunta nawa, ta ina za ta bi, kuma ko kin taɓa tsayawa da ita a bakin titin nan kun ƙirga tare. In ba ki taɓa ba, gobe da safe ma lokaci ne.